Wanda Ya Cika a Hanya

Yatsun Hashim suna kan wuyan hannun Malam Bunu, amma ba wani abu yake nema a wurin ba. Tun da aka shigo da tsohon a kan tabarma ya ji irin numfashin da yake ja, mai kurza kamar ana jan kara a kan rairayi, ya san aikin allura ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a juya shi ya fuskanci gabas, a jiƙa masa leɓe, wani ya zauna kusa yana tuna masa kalmar shahada.

Gidan likitan Rijiyar Kyauta ɗaki biyu ne da rumfa, kuma Hashim kaɗai ne ma'aikacinsa. Shi ne mai allura, shi ne mai awo, shi ne ma mai shara in tsohuwar da ke yi ta tafi biki. Mutanen gari likita suke ce masa, ko da yake takardarsa ba ta kai nan ba. A bangon da ke kallon ƙofa akwai wani farin allo da aka ja wa layuka, kowane mako da gidansa. Gidajen duk kore ne shar, tun daga farkon bazara har zuwa wannan tsakiyar damina.

Ya kalli allon, sannan ya kalli babban ɗan tsohon.

"Yasin, sai an kai Malam asibitin Dungass."

"Likita, da wannan hanyar? Jiya fa aka kwana ana ruwa."

"Can suna da injin numfashi. Ni nan me gare ni?"

Gaskiya ne, kuma shi ya sa maganar ba ta da wurin kamawa. Injin yana can. Sai dai Hashim ya san Malam Bunu ba zai ga ko koramar da ke tsakiya ba, balle Dungass. Yasin ya sunkuyar da kai. Ɗan da likita ya ce ya kai ubansa asibiti ya ƙi, a garin nan har jikokinsa sai an goranta musu cewa kakansu ya yi ƙyashin ubansa.

Da aka zo ɗaga shi, tsohon ya damƙe hannun rigar Hashim. Ba ƙarfi a damƙar, amma sai da Hashim ya sa ɗayan hannunsa ya zare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A waje amalanken shanu na jira. Da damina ambilas ba ta iya rairayin nan da korama, tana tsayawa can bakin babbar hanya, sai amalanke ya kai mata mara lafiya. Mai amalanken kuwa Ɗan Azumi ne, wan Hashim uwa ɗaya uba ɗaya. Ya leƙa fuskar Malam Bunu, ya daɗe yana kallo, sannan ya matso kusa da ƙanensa ya rage murya.

"Wannan ma?"

"Yaya, lokaci na tafiya."

"Lokacin wa?"

Hashim ya yi kamar bai ji ba. Ya koma ciki ya tsaya gaban bokitin famfo yana wanke hannu da sabulu, gaba da baya da tsakanin yatsu, yadda aka koya musu. Ƙafar amalanken ta hagu tana da wani kuka da kowa ya sani a garin, kuma yana jinsa har ya ɓace a bayan gonakin gero.

* * *

Da rani ne aka kira su formasiyo, wato horon aiki, a Magaria, duk ma'aikatan ƙananan gidajen likita na yankin. Wata ƙungiya ce ta shirya, don a inganta aiki. Ba wanda zai ce ba a koyi abin kirki ba. Malama Ikram da ta zo daga Damagaram mace ce mai son aikinta, ba ta ko zama in tana bayani. Ita ta koya musu a gai da mara lafiya kafin a tambaye shi abin da ke damunsa, a jera magani na kusa da lalacewa a gaba, a daina tsawa wa mata masu naƙuda. Hashim ya cika da murna a kwanakin nan, yana jin kamar yanzu ne aka ba shi aikin.

A rana ta ƙarshe aka raba alluna da alƙaluma masu launi. Makon da aka yi aiki daidai, kore. Makon da aka yi sakaci, rawaya. Makon da aka rasa rai a kan gadon gidan likita, ja. Wanda aka tura babban asibiti kuwa maki ne, domin yana nuna ma'aikaci ya san iyakarsa. Gidan likitan da ja ya yi wa yawa, za a ɗauke masa tallafi a kai inda ake aiki: firjin rigakafi mai hasken rana, da maganin zazzaɓin yara na damina. Ma'aikacin kwantiragi irin Hashim kuma, ba sai an faɗa masa abin da zai biyo baya ba.

Da aka fita shan shayi ya tambayi wani tsohon ma'aikaci, Majo Ammar, mai furfura da yawan dariya.

"Majo, to wanda ajalinsa ya zo fa? Mu ba mu hana mutuwa."

Majo ya kurɓi shayinsa.

"Yaro, ba a ce ka hana ta ba. Cewa aka yi kada ta same shi a gadonka. Wanda ya cika a hanya, na hanya ne."

Hashim ya yi dariya tare da sauran, a ransa yana cewa Allah ya kiyashe shi. Da ya dawo, makonni biyu a jere ya sa ja da hannunsa, saboda wata tsohuwa da wani jariri da aka kawo a makare. Misiyo ta zo, wato masu zagayen duba aiki a farar mota. Ba wanda ya ɗaga masa murya. Sun dai tsaya gaban firjin suna duba shi kamar masu tayin akuya a kasuwar Guci, sannan suka ce suna fata zagaye na gaba za su ga canji.

Ya tuna yadda yara suke zubewa a daminar da babu magani. Ya tuna gonar gadonsu ta fadama, wadda Ɗan Azumi ya yarda aka sayar don a kai shi lakwal, wato makarantar aikin jinya. Aka wanke allo aka soma sabon zagaye, kuma tun daga ranar jan alƙalamin bai sake barin murfinsa ba.

* * *

Kafin la'asar amalanke ya dawo. Hashim bai buƙaci leƙawa ba. In ana tafiya kukan ƙafar sauri yake yi, in an dawo da gawa sai ya riƙa ja a hankali. An yi wa Malam Bunu sutura kafin rana ta faɗi, kuma a wurin jana'iza Yasin ya riƙe hannun Hashim da hannu biyu yana godiya, wai ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Da aka koma gida Ɗan Azumi ya ture kwanon tuwo gefe.

"Ka san sunan da yara suka sa wa amalankena? Makara. Ranar kasuwa na tsaya tun hantsi, ba wanda ya ɗora mini ko damin kara. Fanna matar maƙeri ta gwammace ta taka da tsohon ciki da ta hau."

"Camfi ne, Yaya."

"Camfi? Ni nake jin abin da suke cewa a hanya, ba kai ba. Malam Bunu ruwa yake roƙo, shanu na girgiza shi, kofin ya ƙi tsayawa a bakinsa. Da can mutum a ɗakinka yake cikawa, kana riƙe da hannunsa, 'ya'yansa na karatu. Me suka ba ka ka sha a Magaria?"

"In aka ɗauke firjin nan, 'ya'yanka ma za su ji a jikinsu."

"To faɗa wa mutane haka mana. Ka ce musu ku ba ni tsofaffinku in saya muku firji."

Mahaifiyarsu Inna Kulu tana zaune a bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafafun da suka kumbura har zanen fatar ya ɓace. Zuciyarta ta daɗe tana gajiya, Hashim ya fi kowa sani, shi yake kawo mata ƙwayoyin da take ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma in sun dame ta da fitsari. Ba ta cika sa baki a faɗan 'ya'yanta ba, amma kunnenta ba ya barci.

"Auta," ta ce, don ba ta taɓa kiransa likita ba, "zo in ga kunnenka."

Ya matso ya durƙusa. Ta kama kunnen kamar yana ɗan shekara biyar.

"Ni dai amarcina a kan jaki aka kawo ni garin nan, kuma tun ranar ƙashin bayana bai yafe wa ubanku ba. In tawa ta zo, kada ku girgiza ni. Ka bar ni inda nake, ka ba ni hannunka. Ka ji?"

"Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar tsofaffi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

Ta saki kunnen, ta ce wa Zahara'u matar Ɗan Azumi ta ɗumama wa mijinta tuwon, tunda fushi ba ya cika ciki.

* * *

Gero ya fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. Da hantsi ne, rumfar gidan likita cike da mata da yara masu zazzaɓi. Inna Kulu ta je barkar suna a maƙwabta, ta faɗi a tsakar gidan mutane. Da a ɗakinta ta faɗi, da ba wanda ya sani sai su. Amma matan biki suka ɗauko ta a tabarma, suna salati, rabin gari na biye, suka shimfiɗa ta a kan gadon da Malam Bunu ya kwanta.

Hashim ya sa abin saurare a ƙirjinta. Ruwa ya cika huhun, yana jinsa kamar tukunya ta fara tafasa. Ya yi mata allurar da yake da ita, ya ɗaga mata kai da filo, ya jira. Leɓenta bai canza launi ba. Ya san wannan numfashin, ya san kuma iyakar inda yake kai mutum.

Ya zauna a bakin gadon ya kama hannunta. A karo na farko tun dawowarsa daga Magaria bai kalli allo ba. Su ɗauke firjin, su ɗauke kwantiragin, ja ne dai, zai sa shi da hannunsa. Yana cikin wannan tunani ya ji kukan ƙafar amalanke a ƙofa.

Yasin ne ya shigo, gumi na zuba, igiyar shanu a hannunsa.

"Likita, mun ɗaure shanu. Ɗan Azumi na gona, na aika an kira shi, ban jira ba. Mata sun shimfiɗa katifa. Ka tsaya mana ranar Baba, yau mu ma za mu tsaya maka."

Ba gatse a muryarsa, ko kaɗan. Da gatse ne, da ya fi sauƙi. A bayansa Hashim ya hango fuskoki cike da ƙofa da taga: Hinda da mijinta ya cika a bakin korama, Labbo da ya raka ƙanwarsa ya dawo da ita a rufe, da wasu da yawa. Duk sun zo taimako. Kowannensu yana kwana da sanyin zuciya ɗaya, cewa ya yi wa nasa iyakar ƙoƙari, an kama hanyar injin numfashi, Allah ne bai nufa ba.

In ya ce Inna ta zauna, ba sai ya ƙara ko kalma ba. Kafin azahar kowa zai gane cewa likita ya san amalanke ba ya kai irin wannan numfashi ko'ina, kuma tun ranar nasu ya sani. Tasa uwar ya bar ta cika a inuwa, nasu ya tura su rana. Gaba kura, baya sayaki.

Ɗan Azumi ya kutso ta cikin mutane da ƙasar gona a ƙafafunsa. Ya kalli uwarsa, ya sunkuyo daidai kunnen ƙanensa.

"Faɗa musu. Ka faɗa musu yanzu, in kwance shanun. Duk abin da za su yi mana, mu biyu ne."

Hashim ya buɗe baki. Ya kalli Yasin, ya kalli Hinda da ta riga ta cire mayafinta tana naɗewa don a yi wa Inna matashi. Tsoro ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban misiyo. Harshensa ya yi nauyi, kuma da ya motsa, hanyar da ya saba ya bi.

"A kai ta Dungass."

Inna Kulu ba ta iya magana sosai, amma idonta biyu. Ta dube shi, ba da fushi ba, kamar dai yadda take dubansa yana yaro in ya ce ba shi ya sha furar ba. Yatsunta suka ƙara matse nasa.

"Auta," ta ce.

Mata suka kama gefen tabarma. Hannun nata bai saki ba, sai da ya bi su har ƙofa a sunkuye, daga nan ya sa ɗayan hannunsa ya zare yatsun.

Da aka kwantar da ita, Zahara'u ta hau ta zauna a gefenta da butar ruwa. Hashim ya cire farar rigarsa ya ɗora ƙafa zai hau. Ɗan Azumi ya tare shi da sandar kora.

"Ina za ka?"

"Yaya, uwata ce."

"Ba ka taɓa raka na kowa ba. In ka fara yau za su tambaya." Ya nuna rumfa da haɓa. "Ga masu zazzaɓi can na jiranka. Je ka inganta aiki."

* * *

Hashim ya koma ya yi aiki. Ya gai da kowace uwa kafin ya tambaye ta abin da ke damun ɗanta. Ya tsaga yatsu, ya ɗiga jini, ya ɓare ƙwayoyi, ya wanke hannu tsakanin yaro da yaro. Matan suna ta yi masa sannu, wata ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, uwarsa na hanya yana duba 'ya'yan mutane. Kunnensa dai yana can bayan gonakin gero. Ya riƙa yi wa kansa ƙarya cewa wataƙila wannan karon ya yi kuskure, wataƙila za su kai bakin hanya, ambilas na nan, injin na nan.

Rana ta ɗan karkata ya ji kukan ƙafar, a hankali.

Amalanken ya tsaya nesa da rumfa, a ƙarƙashin itacen bedi. An rufe Inna Kulu da mayafin Hinda. Ɗan Azumi ya sauko ya tako har bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Ba mu kai korama ba," ya ce. "Hannun Zahara'u ta riƙe, tana ce mata Auta. Zahara'u ta yi ta amsawa."

Hashim ya dafa ƙyauren.

"Shigo da ita, Yaya. Ko sau ɗaya in..."

"A'a. Gida zan kai ta. Na tsaya can ne don kada in ɓata maka allo."

Ya juya ya kama igiyar shanu. Tun daga ranar in zai yi wa ƙanensa magana, sai dai ya ce wa Zahara'u ta faɗa wa likita.

Ranar sadakar uku farar mota ta iso, domin ƙasa ta ɗan sha iska kuma lokacin zagaye ya yi. Majo Ammar na cikinsu, an ƙara masa girma, yanzu shi ma mai duba aiki ne. Mutanen kirki ne, da suka ji an yi rasuwa sai da suka fara zuwa ƙofar gida suka yi gaisuwa. Sannan suka nemi afuwa, suka ce minti kaɗan kawai, a buɗe musu gidan likita.

Suka tsaya gaban allon suna jinjina kai. Ba a taɓa ganin irinsa ba a duk yankin, in ji shugabansu. Firji zai zauna, za a ƙaro magani, kuma suna so Hashim ya zo formasiyo na gaba ya faɗa wa sababbin ma'aikata yadda ya yi. Gida ɗaya ne kawai ba a cika ba, na makon da ya wuce.

"Mahaifiyar taka a nan ta cika?" Majo ya tambaya a hankali.

"A hanya."

"Allah ya jiƙanta." Ya zare murfin koren alƙalami ya miƙa masa. "Cika mana, za mu ɗauki hoto."

Hashim ya cika gidan, daga kusurwa zuwa kusurwa, bai bar fari ko kaɗan ba. Alƙalamin ya yi zafi a cikin ɗaki, bakinsa na yoyo.

Da motar ta tafi ya koma wurin zaman makoki. Ya sami gefen tabarma kusa da Yasin, wanda ya matsa masa wuri. Ɗan Azumi na can ɗaya gefen, idonsa a ƙasa. Liman ya ce a yi wa mamaciya addu'a, kowa ya ɗaga tafin hannu. Hashim ya ɗaga nasa, sai ya ga tawadar ta bi layukan babban yatsansa ta shige ƙarƙashin farce. Ya lanƙwashe yatsan cikin tafinsa, ya shafa addu'ar da sauran huɗun.